Zare da Mukulli

Shekara ashirin da bakwai Baba yana zana gine-ginen garin nan da fentin ruwa, a gabansu yake zama ya zana. Ya yi gada, ya yi tsohuwar tashar jirgin ƙasa, amma hasumiyar agogo ce 'yar lelensa. Duk shekara sai ya zana ta, daga benci ɗaya.

Ranar da na jera zanukan a ƙasan falo don in zaɓi na sa wa gilashi, na lura da wani abu. A na farko-farko hasumiyar tana tsaye ƙyam. Daga na shekara shida baya ta fara kwantawa hagu, kowace shekara tana ƙarawa. Ta bana kuwa kamar mai gyangyaɗi.

Na kira Yaya, babban wanmu. Ya duba, ya girgiza kai.

"Ko hannu ya tafi, ko kan ne. Wanda miƙe layi ya gagara, shi za a bari yana tsallaka titi shi kaɗai? Fita ta ƙare."

Ni sarkin zaƙewa, ni na ɓoye akwatin fentin a saman kabad. Baba bai yi faɗa ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Cewa kawai ya yi, "Auta, raka ni sau ɗaya, sannan ki kulle ni."

Na raka shi ina tsaki a ciki. Da muka zauna a bencin, ya zaro zare daga aljihu, da tsohon mukulli ɗaure a ƙarshensa, ya miƙo min.

"Da wannan nake fara kowane zane. Miƙe hannu, rufe ido ɗaya, ki saita shi da gefen ginin."

Na yi. Mukullin ya daina lilo. A gindi, bango da zare sun haɗu daidai. Na ɗaga ido sama, sai na ga agogon ya rabu da zaren, ya yi hagu abinsa. Na sauya ido, na sauya hannu, abin bai sauya ba.

"Baba! Ka sani?"

"Shekara shida. Na rubuta wa hukuma sau uku, shiru. Na gaya wa yayanki, ya ce in riƙa shan maganina. Ke ma na gaya miki, kina danna waya kika ce, 'To, Baba.'"

Kunya ta hana ni kallonsa. Agogon ya buga biyu, aka taso 'yan makaranta. Suka yi cincirindo a inuwar hasumiyar, ta hagu, ɓangaren da ta karkata, inda suke jiran bas kullum. Na hango jar jakar 'yata a tsakiyarsu.

Na yar da zaren, na faɗa titi ko mota ban duba ba. Ta bayana na ji muryar Baba: "Auta, a hankali! Titi ne!"