Ranar da Na Goge Layukan Hamish

A kamfaninmu na Adelaide da layi ake auna mutum. Duk ƙarshen zango shugabanni kan duba yawan layukan da kowa ya rubuta a manhaja, wanda ya zo ƙarshe a saya masa kek a sallame shi. Ni kuwa matata na da tsohon ciki, ba lokacin zaman gida ba ne a wurina.

Hamish, shugaban sashenmu, shi ne zakaran wannan awo. Abin da layi ɗaya zai yi, sai ya ba shi goma. Manhajar da masu gidajen burodi ke odar fulawa da ita lafiyarta ƙalau, ya ce ta tsufa, ya rushe ta ya gina tasa. Ranar da aka saki sabuwar, wata mai gidan burodi a Glenelg ta nemi buhu biyu, sai ga tirela a ƙofarta.

Maganin ba wuya. Git, rumbun ajiyarmu na kwamfuta, na ajiye da kowane tsohon fasalin aikinmu, umarni ɗaya zai mayar da manhajar yadda take. Sai dai duk wanda ya ba da umarnin sunansa ne zai hau, kuma duk layin da ya goge a kansa za a cire.

Hamish ya tara mu, wayoyi na ta ruri kamar ana gobara.

"Jama'a, abu ne na minti ɗaya. Bronte, yi mana mana."

Bronte, wadda ta girme mu duka a aikin, ta kurɓi kofinta. "Ni? Yau ko sunana ban iya bugawa daidai. Ai ɗanka ne, maigida, kai ya kamata ka binne shi."

"Shugaba ba ya taɓa irin wannan da hannunsa. Kieran, kai fa? Na san ka da zuciya."

Kieran, wani abokin aikinmu, ya ce, "Zuciya gare ni, Hamish, layuka ne babu."

Sai wayar teburina ta yi ƙara. Matar Glenelg ce, wai direban ya fara sauke buhuna a kan hanyar masu tafiya. Tausayi ya kama ni, haushi ya biyo baya. Na zauna na buga umarnin. Kafin kofin Bronte ya huce, odar kowa ta koma daidai.

Da aka yi awo, Hamish ya zo na ɗaya, har aka tafa masa kan saurin yanke shawara. Ni na faɗa ƙasa da sifili, abin da ba a taɓa gani ba a kamfanin. Na yi bayani har bakina ya bushe, suka ce sun fahimta sosai, amma lissafi lissafi ne. Wallahi abin ya ci min rai.

Ina zuba kayana a kwali ina tunanin abin da zan faɗa wa matata, Hamish ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, ya rage murya.

"Abokina, kafin ka wuce. In na dawo da tawa manhajar, layukan duka a kaina za su sake hawa, ko?"

Na ce, "Duka."

"Madalla. Nuna min umarnin."