Tafintan Alhaji Ashafa

Da Gwadabe ya dawo Kumbotso daga jami'ar Badun ya ce digirinsa na Jamusanci ne, mahaifinsa ya ce, "To, da wa za ka riƙa yin sa?"

Tambayar nan ta bi shi shekara biyu. Ma'aikatar ilimi ta ce Faransanci ake koyarwa a makarantu, bankuna suka ce masu lissafi suke nema. Sai a 1978 Alhaji Ashafa ya kafa kamfanin jimar fata a Challawa. Injinan daga Jamus aka kawo su, suka kuma zo da mutuminsu, Injiniya Fogel, wanda Turancinsa bai wuce na sayen sigari ba. Aka ɗauki Gwadabe tafinta, har da ba shi babur Besfa. Ya san a duk faɗin Kano nan ne kaɗai karatunsa zai ba shi tuwo, kuma muddin Fogel yana nan.

Fogel bai iya kwana-kwana ba. In abu ya ɓaci zai ce ya ɓaci, ya kuma nuna wanda ya ɓata shi, ko da mai kamfanin ne. Gwadabe kuwa ya tashi a gidan da ba a gaya wa babba magana gatsal. Yaya za a yi ya tsaya gaban dattijo sa'ar ubansa, mutumin da ya share masa hawaye, ya ce masa bai san abin da yake yi ba? Sai ya riƙa wanke magana kafin ya miƙa ta. In Fogel ya buga tebur ya ce sakarci ake yi a kamfanin nan, Gwadabe ya russuna ya ce, "Alhaji, ya ce da ɗan abin da za a gyara." In Alhaji ya ce, "Za a duba," wanda ko yaron goye ya san ma'anarsa a bar maganar, Gwadabe ya juya ya ce wa Fogel an amince. Shekara huɗu ba a taɓa jin kansu ba, shi kuma yana ta jin daɗi wai ya iya zama da mutane. Ni dai ban ga iyawa a nan ba, na ga kara ce da ta wuce gona da iri.

Sannan kuɗin mai ya faɗi, gwamnati ta tsuke bakin aljihu, lasisin shigo da kaya ya fara wuya. Injin tsaga fata, wanda duk aikin kamfanin ke bi ta kansa, wuƙarsa ta cinye, kayan gyaran da aka zo da su sun ƙare. Fogel ya ja Gwadabe zuwa ofishin Alhaji, fuskarsa ja wur.

"Gaya masa daidai yadda na faɗa," in ji Fogel. "In bai yi odar kayan nan a watan nan ba, ƙofar lasisi za ta rufe, injin ya tsaya. Ni kuma ba zan zauna gadin mushe ba, gida zan koma."

Gwadabe ya dubi Alhaji yana jan carbi, ga baƙi biyu, dillalan fata, zaune a gefe suna saurare. A gaban baƙi?

"Alhaji, ya ce idan kun sami sarari, a taimaka a duba maganar kayan gyara."

"Ba komai," in ji Alhaji. "Bayan Sallah, in Allah ya kai mu."

Sallah kuwa saura wata uku. Gwadabe ya ce wa Fogel an amince, ya ce a ransa zai sami Alhaji shi kaɗai ya yi masa bayani a hankali. Sau biyu yana zuwa har ƙofar ofishin, ya yi gaisuwa ya dawo.

Bayan Sallah lasisi ya gagara. Fogel ya haɗa akwatinsa. A filin jirgi ya riƙe hannun Gwadabe ya ce, "Kai ka yi naka. Ƙarara na gaya masa, ya yi alkawari, ya karya. Irin wannan ba a aiki da shi."

Ko a Jamusancin ma Gwadabe bai iya faɗa masa gaskiya ba.

Injin ya ƙara ɗan ja, ya tsaya. Aka sallami ma'aikata, 'yan Haɗeja da Damagaram suka ɗaure tabarminsu. Gwadabe ya bi masana'antun Sharaɗa da Bompai ƙofa-ƙofa yana neman aiki. Inda ba a rufe ba, Indiyawa da Kwarori ne ke kula da injinan, kuma da Turanci suke yi. Wani manaja ya karanta takardarsa har ƙasa, ya ce, "Jamusanci? Allah sarki." Gwadabe ya sayar da Besfar. Baƙin ciki ya riƙa cin sa, ga shi babu wanda zai ɗora wa laifi.

Ranar da ya je mayar da mabuɗin ofishinsa, ya tarar da Alhaji zaune a kan benci a bakin ɗakin injin, ya rame, warin ruɓaɓɓiyar fata ya cika wurin.

"Zauna, Malam Gwadabe," in ji Alhaji. "Abu ɗaya ke hana ni sukuni. Baturen nan, shekara huɗu bai taɓa gaya mini baƙar magana ba, ban taɓa ganin mai ladabi irinsa ba. Da ya ce mini abin ya kai haka, wallahi gidana na Hotoro zan sayar a ranar in kawo kayan. Kai da kake jin yarensu, me ya hana shi gaya mini?"

Gwadabe ya sunkuyar da kai, ya ajiye mabuɗin a gefen bencin.

"Alhaji, wataƙila nauyinku ya ji."