Inna a Filin Kokowa

Yayana Harisu likita ne a asibitin Dakoro, amma in ka sauka tasha ka ce a kai ka wurin Likita Harisu, sai ɗan kabu-kabu ya tsaya yana sosa ƙeya. Ce masa Harisu Mai Kaye, kafin ka rufe baki ya tada babur. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan karatu a Yamai, mai yi wa mutane aiki ya ɗinke su tashi garau, ga shi duk garin da kokowa aka san shi. Da an gama girbin gero, yamma na yi zai tuɓe farar riga ya ɗaura walki. Ya sha kada ƙato yau, gobe ƙaton ya zo masa da targaɗe ya duba.

Innarmu Dela ba ta san da wannan ba, don mun haɗa baki mun ɓoye mata. Rediyo ne ya tona mu. Tana tsinkar zogale a gidanmu na Sabon Maci ta ji ana shelar cewa yau likitan Dakoro zai kara da Na'Allah na Rumbu, wanda ya yi kaye shi zai shiga cikin 'yan kokowar jihar Maradi masu neman takobi, babbar kyautar kokowa ta ƙasa.

Ta ce, "Suwaiba, wane likita ne wanga?"

Na ce ai likitoci suna da yawa.

"Ɗauko mini lulluɓina."

To, Harisu ɗan fari ne, Inna kuwa irin matan zamanin da ce masu kunyar ɗan fari ta gaske. Tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. "Yaron nan" ne, in ranta ya ɓaci kuma "wancan". Ba ta haɗa ido da shi, ba ta yabonsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Ko yana durƙushe a gabanta, ni take gaya wa in gaya masa. Ranar da ya dawo daga Yamai ya zama likita, dangi na ta guɗa, abin da ta ce kawai shi ne in tambayi yaron nan ko ya ci abinci. Ni Suwaiba, da aurena da 'ya'yana, har yau ni ce 'yar aikensu, ko ɓarin goro ba a taɓa ba ni ba.

A mota ta yi ta biya mini saƙon har na haddace. Hannun da ake ciro jariri da shi ba na cakumar ƙarti ba ne. In yatsa ya karye, wa zai duba matan ƙauye? Ya bar kokowa daga yau. Na san Yaya: in Inna ta ce bari, ya bari har abada, ko ƙorafi ba zai yi ba. Ni kuwa na sha ganin fuskarsa a cikin fili, ba inda yake fara'a irin can. Tausayinsa ya kama ni sosai.

Da muka iso, filin ya cika maƙil. Ganguna na tashi, masu rake da masu ƙanƙara na kutsawa, makaɗa kuwa sai zuba kirari suke: Harisu na Dela, mai kada ka ya ba ka magani! Inna ta ja lulluɓi har hanci. Wata mai tuyar ƙosai ta gane ni, ta kwatsa ihu, "Ku ba da hanya, uwar Mai Kaye ce!" Mata suka yi mana caa. Wata ta miƙo jaririyarta, wai likita ne ya ciro ta da rai lokacin da kowa ya fid da tsammani.

Inna ta ce, "Allah shi raya. Ni baƙuwa ce, ban san kowa ba nan."

Duk da haka suka shimfiɗa mata tabarma a sahun gaba. Ta zauna ta ba fili baya, don uwa ba ta kallon ɗan farinta yana wasa da ƙarfi a gaban jama'a. Ta ce in tashi in kai saƙo. Na ce an riga an busa usur, alƙalin wasa ba zai bar ni in taka fili ba. Wannan kam gaskiya na faɗa, kuma na gode Allah da ta zo daidai.

Na'Allah ya shigo da layu har gwiwar hannu, mutum kamar rumbun hatsi. Suka duƙa, suka zagaya, suka sarƙe. Can na ji ana taɓa ni. Inna ce, ta ɗan karkato, ido ɗaya a waje.

"Wancan ƙaton mi shike ci?"

"Tuwo, Inna, kamar kowa."

"Ƙarya ne."

Jim kaɗan ta juyo gaba ɗaya. Yaya ya samu kwankwason Na'Allah, ya fara ɗaga shi, fili ya ɗauki sowa. Inna ta damƙe hannuna. "Hwaɗa wa yaron nan shi kula da ƙahwarshi ta hagu! Ga hannu can na tahiya!" Ta ina zan faɗa masa cikin wannan hayaniya? Na buɗe baki ke nan sai na ga ta miƙe tsaye, lulluɓi ya zame, ta saki muryar nan da take kiran awaki daga bayan gari.

"Harisu! Ƙahwarka!"

Ko cikin ganguna ya gane muryar. Ya saki abin da ya riƙe, ya waigo yana neman ta da ido. Na'Allah kuwa ba wasa ya kawo shi ba: ya kwashe ƙafar, ya shimfiɗa likita a kan rairayi. Mutanen Rumbu suka ɓarke da murna.

Yaya bai tashi ba. Yana kwance rigingine yana dariya, hawaye na gangara cikin kunnensa. Na'Allah ya tsorata, ya duƙa ya ɗago shi. "Likita, ko kanka ya bugu ne?" Yaya ya rungume shi, ya ɗaga masa hannu sama, sannan ya nufo mu da ƙasa har gira. Kafin ya iso Inna ta koma zaune, ta rufe fuska, ta kalli gabas. Ya durƙusa.

"Inna, kirana kika yi?"

"Suwaiba, hwaɗa mishi ba ni ba ce."

Matan suka kwashe da dariya, mai ƙosai har da riƙe ciki. Ni kuwa ban taya su ba, don akwai sauran magana. Na ce, "Inna, saƙon da muka taho da shi hwa?" Yaya ya dube ni, ya gane. Ya sunkuyar da kai yana jira.

Inna ta daɗe tana kakkaɓe rairayin da ke bakin tabarma.

"Hwaɗa wa yaron nan, gidanmu ba a barin abu a kan kaye. Baɗi shi dawo shi kada wancan ƙaton. Kuma ko wa ya kira shi, kada shi waiga."

Na juya na faɗa masa kalma da kalma, alhali ya fi ni kusa da bakinta.