Manajan Egbe Igwe

"Waƙa ɗaya ce, De Uzoechi. Ba cewa na yi ka koma mashaya ba."

"Nkasiobi, na bar waƙoƙin shaiɗan tun ba a yaye ki ba."

Ina ƙofar ɗakina ina cin akpu, tuwon rogo, da miyar jiya, ina jinsu. Fasto Uzoechi, wanda take ce wa De don girmamawa, ya tsaya a tsakar gidan hayarmu yana ɗage ƙafar wando don kada ruwan kwata ya taɓa shi. Nkasiobi ta ce masa mahaifinta ba zai ga ƙarshen damina ba. Ya ce zai sa shi a addu'a. Ta ce addu'a suna da ita a gida, jita ce ba su da ita.

Mahaifin nata Mazi Okoroafo ne, amma duk garin Aba Manaja ake ce masa. Bayan yaƙin basasa shi ya riƙa yawo da ƙungiyar 'yan kiɗan rok mai suna Egbe Igwe, daga Fatakwal har Jos. Shi ke riga su isa gari, ya nemi zaure, ya liƙa takardun talla, ya tanadi janareta, ya yi belin mai ganga idan ya sha ya yi faɗa. Uzoechi ne mawaƙinsu a lokacin, da gashi kamar kwando.

Ni labaran Manaja sun daɗe da gundurata. Tsoho da singileti mai huji yana faɗa maka yadda 'yan mata suka suma a Enugu. Wata rana na tambaye shi yadda wasan yake, don dai in ƙure shi. Ya ce bai sani ba. Wurin manaja bakin ƙofa ne, bayansa ga dandamali, idonsa ga masu neman kutsawa. Duk shekarun nan da ƙeya ya ji su.

Abin da ya roƙi 'yarsa ke nan. Yana so ya gani sau ɗaya.

Fasto ya zo ran Lahadi bayan coci. Ba tausayi ya kawo shi ba. Wani ne ya faɗa masa Turawa na sayen tsofaffin faya-fayansu. Ya zo da jan jita, da amsa-kuwwa, da wata mata daga cocinsa tana ɗaukarsa a waya tun daga bakin titi.

Gidan ya cika. Mama Chidiebube, wadda ta shekara tana zubar da ruwan wanki a ƙofar tsohon, ita ce a gaba da sabon ɗankwali. Masu gyaran babur suka baro aikinsu. Ban taɓa ganin ɗayansu ya kawo masa ko ruwan shayi ba. Ni ma na shiga, na jingina da bango.

Nkasiobi ta tayar da mahaifinta zaune, ta tokare shi da matashi. Ya rame har agogonsa ya zame zuwa gwiwar hannu.

"Papa, ga De Uzoechi. Duba."

"Ya makara," in ji tsohon. "Kullum haka yake."

Fasto ya yi dariya yana kallon wayar. Ya fara da jawabi kan yadda Ubangiji ya tsamo shi daga duhu. Da ya gama ya saɓa jita, ya kaɗa sau biyu, aka ɗauke wuta.

Babu wanda ya yi tunanin janareta. Mai yin wannan tunanin shi ne a kwance.

Fasto ya ci gaba haka nan. Jitar tana kuka kamar sauro, muryarsa ta tsage a baiti na biyu, ya manta sauran ya cike da Halleluya. Mutane sai turowa suke, har ta taga.

Na dubi Manaja. Ba ya kallon Fasto. Ya juya a hankali har ya ba shi baya, ya zuba wa ƙofa ido, inda yara ke kutsowa ta ƙarƙashin hammatar manya. Nkasiobi ta kama haɓarsa za ta juyo da shi.

"Papa, nan ne. Wasan yana nan."

Ya ture hannunta. Ya ɗaga yatsa ɗaya, yatsan ya faɗo kan zani. Matar cocin ta matso da wayarta kusa da fuskarsa. Kafin wuta ta dawo ya cika, amma sai da ya yi magana, kuma duk ɗakin mun ji.

"Wa ke tsaron ƙofa?"