Gafakar Baba a Cikin Gilashi

Hureira ta sauka daga babur a ƙofar kwalejin nan ta bayan kasuwar Kokoro, ko mayafi ba ta gyara ba. 'Yarta Ikram na biye da ita da ciki wata tara, tana dafa bango.

Kowa a unguwar Kilomita Biyar ya san gafakar mahaifin su Hureira, littafin addu'o'in da kakansu ya rubuta da hannunsa kafin ya baro Zinder. Duk macen gidan da za ta haihu, a gefen kanta ake ajiye ta. Shekarar tashin hankali yayanta, Sharu Abdulgani, ya kai ta ɗakin karatun kwalejin, wai ajiya. Ashe kyauta ya bayar, har da ɗaukar hoto. Hureira ba ta ji ba sai jiya, a bakin mai kitso.

Ta tarar da gafakar a kulle cikin gilashi, an rubuta sunan Sharu a ƙasa.

"Buɗe," ta ce wa Malam Ya'u, mai kula da littattafan.

"Mama, ba a fita da ita. Takardun sun tsufa, zufar hannu ma cinye su take."

"Tsufa? Ni a kanta aka haife ni, ka ga na yage?"

Ya kira Sharu a waya. Mutumin ya iso daga shago yana huci.

"Hureira, kin zo ki kunyata ni? Da ba don ni ba, da ta ƙone tare da ɗakin Baba."

"Sannu, Yaya. Matanka sun gama haihuwa, shi ya sa ka zama mai kyauta."

"Asibiti za ki kai yarinya, ba camfi ba."

"Za mu je. Da ita."

"Ba za ta fita ba."

Hureira ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ta kwance zanen da ta yafa, ta shimfiɗa a gindin gilashin. Ɗaliban da ke karatu duk suka ɗago kai.

"Zauna, Ikram. Malam, a ɗora mana ruwan zafi."

Ikram ta zauna da ƙyar, ta cije leɓe, ta damƙe ƙafar tebur. Wannan kam ba wasa take ba.

Sharu ya juya fuska bango. Malam Ya'u ya soma laluben makulli a aljihu.