Gilashin Bangon Aji na Uku

Tsohuwar makarantar nan ta unguwar Kalley ta girmi Ƙasimu tela, ta girmi babansa ma. Ajujuwa huɗu ne a jere, ginin dutse da laka, ko a tsakiyar bazara ka shiga sai ka ji sanyi-sanyi. Da bangon aji na uku ya tsage daga taga har ƙasa, sai takarda ta zo daga meri, ofishin magajin gari: za a rushe ginin, a kafa wa yara rumfunan zana kafin a yi sabo.

Maganar zanar nan ita ta hana Ƙasimu sakat. 'Yarsa Asma'u a ajin take, kuma ya san abin da wuta ke yi wa zana cikin ƙiftawar ido. Ya bi iyayen yara gida-gida, aka cika motar haya biyu, aka je meri. Ba su tashi ba sai da aka haɗa su da injiniya, Madam Mariyam.

Ta zo ta duba, ta manna wani siririn gilashi a gicciye kan tsagar.

"Wata guda zan dawo," in ji ta. "In ya fashe, bango na motsi, sai katafila. In yana nan lafiya, gyara ne kawai."

Kullum kafin ya buɗe shago sai Ƙasimu ya leƙa gilashin nan. Ana saura kwana biyar aka yi musu rasuwa a Tibiri, dole ya tafi. Bayansa mutanen unguwa suka kira gayya don injiniya ta tarar da wuri tsaf. Mata suka ɗebo ruwa, matasa suka kwaɓa ƙasa, Jibo magini ya ja gaba.

Ranar da wa'adi ya cika Ƙasimu ya sauko daga mota, bai ko je gida ba. Ya tarar da bango sumul, fari fat. Babu tsaga, babu gilashi.

"Jibo! Ina gilashin?"

Jibo Bazabarme ne, Ƙasimu Bagobiri, wasa a tsakaninsu ba ya ƙarewa.

"Ɗan kwalbar nan? Na shafe shi. Gode wa ubangidanka mana, bawana. Bagobiri ina ya san aiki mai kyau?"

"Ka kashe mu, mai cin kopto, sarkin kwaɗon zogale! Shi za a duba!"

Jibo ya buɗe baki, sai ga motar Madam Mariyam. Ta tsaya gaban bangon, ta ɗaure fuska.

"Ɓoye mini tsagar kuka yi? To, abin da ban gani ba ba zan sa masa hannu ba."

Ƙasimu ya matso.

"Madam, ba ha'inci ba ne, son makarantar ne ya yi yawa. Ni na san inda gilashin yake."

Ya zaro tef ɗin awo daga aljihu. Tela ba ya ganin abu bai auna ba; santimita tamanin da biyu daga ƙasa, goma sha ɗaya daga bakin taga, ya haddace kamar awon rigar kansa. Ya sa alama, ya ari cokalin mai ƙosai, ya durƙusa yana kankare yaɓen a hankali, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Jibo ya tsuguna kusa, yana hure ƙurar.

Can sai abu ya yi ƙyalli. Madam Mariyam ta goge da ɗan yatsa, ta sa tabarau, ta daɗe tana kallo.

"Bai fashe ba," ta ce. "Za a ɗaure bangon da ƙarfe. Kafin nan 'yan aji uku su riƙa shiga aji huɗu da marece."

"Ba zana ke nan, Madam?"

"Ba zana, Malam."

Mata suka rangaɗa guɗa. Jibo ya miƙe yana karkaɗe wando.

"Kun gani? Yaɓena ne ya tsare shi."

"Madam," in ji Ƙasimu, "don Allah ki rubuta a takardar, kada a bar Bazabarme shi kaɗai da bangon nan."

Ya leƙa ta taga. Asma'u na kan bencinta tana kwafar darasi, ko ɗago kai ba ta yi ba.