Harsashi na Biyar

Tun ranar da likita ya cire wa Malam Mijinyawa auduga daga ido, gidan 'yarsa Ummi Kulsum bai sake samun sakat ba. Mutumin da ya shekara uku yana laluben ƙofa saboda yanar ido, yanzu shi ke nuna wa mutane ƙura a saman firij. Kullum da safe sai ya tsaya a tagar bene na shida, ya ƙirga motocin ma'aikata da ke layi a bakin masana'antun Dubai Investments Park, ya karanto lambar ta ƙarshe da ƙarfi don kowa ya shaida. Daga nan sai ya juyo.

"To Ummi, ido ya buɗe. A nemo min jirgi."

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gadin dajin Falgore. Da ya yi ritaya bai yi nisa ba, a gefen dajin ya kafa amya arba'in da 'yan bishiyoyin mangwaro, kuma a ganinsa duk duniya babu wanda ya iya kula da ƙudan zuma sai shi. Dubai kuwa, in ji shi, gari ne mai kyau ga wanda bai da abin yi.

Ummi Kulsum ba ta son ya tafi, kuma dalilinta ba ya faɗuwa. Shekararta bakwai da aure ba ta taɓa ko ɓatan wata ba, sai bana Allah ya dube ta, cikin ya shiga wata na biyar. Mahaifiyarta ta rasu shekara biyu da suka wuce. Gwaggo Mero ta yi alkawarin zuwa wankan jego, wannan an gama. Amma ita so take ranar da abin zai zo a ce mahaifinta na kusa, ya karɓa a hannunsa, ya yi huɗuba, ya zaɓi suna. To wace 'yar fari ce za ta dubi ubanta ta ce masa tana da ciki? Ummi tana aiki a ɗakin gwajin jini, tana iya yi wa Bature bayanin cutarsa ido cikin ido, amma wannan kalma guda ta fi ƙarfin bakinta. Sai ta sayi abaya mai faɗi, ta koma neman hujja.

"Baba, idon nan yana son a riƙa duba shi. Wata huɗu kawai."

"Likitan da ya ce min khalas a gabanki? Ko Larabcin ne ban ji ba?"

"Hanyar ma ba lafiya yanzu."

"Da lafiyarta na zo?"

Mijinta Hafiz ne ya jawo maganar bindiga, shi da ba a rasa shi da shawarar da ba a tambaye shi ba. Injiniya ne a wani rumbun sanyi, kuma duk Asabar yakan je wani kulob na harbi ya ɓata kwali ya dawo yana ba da labari kamar wanda ya ci yaƙi. Suna cin tuwo ya ce ai gwajin ido ba ya wuce saiti. A kai Baba kulob, a ba shi harbi biyar. In duka biyar suka shiga baƙin da'ira, a yanki tikiti. In ko ɗaya ya kauce, Baba ya ba Ummi wata huɗunta.

Ummi ta harare shi har sai da ya ƙware. Amma da ta dubi hannun tsohon, yadda kofin shayi ke ɗan rawa a cikinsa, sai ta ga ai faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Ta ce ta yarda. Malam Mijinyawa ya suɗe yatsa ya ce shi ma ya yarda, a fara haɗa masa kaya.

Ranar Asabar da hantsi suka isa. Wurin sanyi ƙalau, da kujeru masu laushi da injin kofi, sai wani gilashi mai kauri da ake hango masu harbi ta cikinsa. Mai koyar da harbin wani Basudane ne mai furfura a gemu, sunansa Bashar, sun saba da Hafiz. Ya miƙo takardun cikewa guda uku, sannan ya nuna allon dokoki da ke jikin bango ya ce kowa ya duba.

Nan gaban Ummi ya faɗi. Allon hotuna ne, kowanne an zagaye shi da jan layi an soke: taba, waya, ƙaramin yaro, sai na huɗu, mace a tsaye da ciki turtsetse. Ba ta taɓa zuwa ba, shi kuma gwanin shawara bai taɓa kula da allon ba. Ta tura takardarta gefe a hankali.

"Ni ƙarar ba ta yi min," in ji ta. "Zan zauna a nan in yi kallo."

Tsohon da yanzu ko kwalin madara bai bari ya wuce bai karanta ba, ya tsaya gaban allon ya bi shi ɗaya bayan ɗaya. Ta ga idonsa ya sauko kan ƙafafunta, waɗanda suka kumbura har ta aro silifas ɗin Hafiz. Daga nan ya ɗaga kai yana kallon silin kamar an ce masa akwai zuma a ciki. 

Bashar ya buɗe akwatin gilashin da bindigogi ke jere. Hafiz ya yi caraf ya nuna wata baƙa mai ƙirar zamani.

"Baba, ga wadda nake ɗauka. Harsashi sha biyar take ci, ba ta da nauyi, kana taɓa kunama tana amsawa."

"Sha biyar? Malam Hafizu, da wa muke faɗa?"

"Ai saboda sauri ne, Baba."

"Mai sha biyar ba ya tsayawa ya duba inda na farko ya tafi. Shi ya sa kwalinka ke dawowa kamar rariya."

Ummi ta rufe baki da mayafi. Bashar bai ji Hausa ba, amma ya ga fuskar Hafiz, ya yi dariya. Ya ɗauko wata libarba mai sheƙi, ya ce wannan ba ta buƙatar komai, a ja kunama kawai. Tsohon ya auna ta a tafin hannu, ya mayar. Can ƙasan akwatin ya nuna, inda wata doguwar libarba mai mariƙin katako take kwance ita kaɗai.

Bashar ya ce, Hafiz na fassarawa, wannan tsohuwar ƙira ce, ba mai ɗaukarta sai masu son hoto. Harsashi ɗaya-ɗaya ake zura mata ta wata 'yar ƙofa a gefe. Kuma duk harbi sai an ja ƙarfen bayanta da babban yatsa an ɗana ta, in ba haka ba ko an matsa kunama ba za ta tashi ba. "Shwaiya shwaiya, ya Hajji," in ji shi, wato a bi ta a hankali.

"Ita nake so," in ji Malam Mijinyawa. Ya riƙe ta, sai Ummi ta ga rawar hannun nan ta ɗauke. "Maigidana a gandun daji, marigayi Zainul Abideen, irinta gare shi. Shekara tara ina goge masa ita. In daji za ka shiga, Malam Hafizu, wannan ce abokiyar tafiya. Ba ta da kayan ciki da yawa da ƙasa za ta cushe, kuma ba ta yin magana sai ka tambaye ta sau biyu."

Bashar ya ce ramukanta shida ne, ya ƙirgo harsashi shida. Tsohon ya ture ɗaya da yatsa.

"Biyar. Gaya masa ramin da ƙarfen ke kwanciya a kai, wofi ake barinsa. Kana kan keke a daji, reshe ya fizge ta ko ka faɗi, in akwai harsashi a wurin, cinyarka ce za ta ba da labari."

Da Hafiz ya fassara, Bashar ya dafa ƙirji ya ɗan sunkuya, ya ce yau ya samu malami. Ummi kuwa ta zuba wa tsohon ido. Ta yi alfahari da ubanta, kuma a lokaci guda ta gane cewa ta yi wauta da ta yarda da wannan sharaɗi.

Aka sa musu abin toshe kunne da tabarau, suka shiga. Ta ja kujera jikin gilashi. Aka tura kwalin can nesa, baƙin da'irar bai fi bakin kofi ba a idonta. Tsohon ya gyara hularsa, ya zura harsasan yana tsallake rami guda, ya tsaya a karkace. Babban yatsa ya ja ƙarfe. Ta ji ƙarar a dushe, tum, kamar an buga turmi a maƙwabta.

Hafiz ya leƙa madubin hange, ya juyo ya ɗaga mata yatsa ɗaya, yana washe baki. Wai murna yake yi. Ta yi alkawarin za su haɗu a gida.

Na biyu ya shiga. Na uku ya shiga. A na huɗu har wasu Larabawa biyu da ke layin gefe suka ajiye nasu suka zo kallo. Hafiz ya ɗaga yatsu huɗu, amma yanzu bakin ya rufu, ya tuna gidan da zai koma. Ummi ta dafa cikinta ta ƙarƙashin abaya. Ta fara lissafin abin da za ta sa masa a jaka, dabino da maganin ɗigawa a ido da turaren Gwaggo Mero, hawaye na taruwa tana mayar da su.

Malam Mijinyawa ya ɗana na biyar. Ya miƙe hannu, ya saita. Ya daɗe a haka, har Bashar ya matso kusa da kafaɗarsa. Sai ta ga babban yatsan ya koma kan ƙarfen, ya riƙe shi, ya kwantar da shi a hankali, bakin bindigar na kallon kwali. Ya buɗe 'yar ƙofar, ya zazzage kwanso huɗu, ya fito da harsashi guda mai rai ya ajiye a tafin Bashar.

Suka fito. Hafiz na riƙe da kwalin, ramuka huɗu sun taru a tsakiya har suna cin juna. Tsohon ya cire abin kunne, ya zauna a kujerar da ke gefenta, yana murza ido da bayan hannu, idon da ita da shi suka san garau yake.

"Hazo ya taso min a na ƙarshen," in ji shi. "Da alama aikin likitan nan bai gama kamawa ba."

"Sannu, Baba."

"Sharaɗi sharaɗi ne, biyar aka ce. Malam Hafizu, ka kira min yarona Ɗalhatu a can gida, ka ce ya ci gaba da duba amyar nan, kuma kar ya kuskura ya yi musu hayaƙi da roba."

"To, Baba."

Ya karɓi kofin da aka miƙo masa, hannun ya koma rawarsa. Bai dube ta ba, allon bangon nan yake kallo.

"Wata huɗu kika ce ko, Ummi?"

Ta sunkuyar da kai har mayafin ya rufe mata fuska. "Eh, Baba."

"To ki ƙara kwana bakwai a kai."